Shugaban waƙa a ikilisiyar Baptis: na kwaya ne ko na jama'a duka?

Yohanna_Saminaka:
Salama 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a hidimar waƙa ce. Idan ikilisiyar Baptis za ta naɗa shugaban waƙa, me ya kamata a rubuta masa a takardar aiki? A wurare da yawa abin bai wuce koya wa kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, waƙa biyu a mako ba, ranar Lahadi ya tsaya gabansu ya kaɗa hannu. A ganina wannan aikin kwayamasta ne. Shugaban waƙa wani abu ne dabam, ko suna kawai aka canja? Kuma wa yake ba shi umarni, fasto, dikinoni, ko taron ikilisiya?

Rabaran_Ishaya:
Ɗana Yohanna, bari in fara da ta ƙarshen. A tsarin Baptis kowace ikilisiya mai cin gashin kanta ce, don haka taron ikilisiya ne yake amincewa da naɗin, amma aikin yau da kullum yana ƙarƙashin fasto, tunda shi ke ɗauke da nauyin sujada gaba ɗaya. Dikinoni su ba da shawara, kada su zama iyayen gidansa guda bakwai.

Bambancin kuwa shi ne, kwayamasta yana lura da mutum talatin da ke zaune a gefen bagadi. Shugaban waƙa yana lura da bakin kowane mutum da ya shigo majami'a: kwaya, matasa masu kiɗa, zumuntar mata, yaran makarantar Lahadi, da tsohon da ke bencin baya wanda ba ya iya karanta littafin waƙoƙi. Ma'aunin aikinsa shi ne ko jama'a suna rerawa. Afisawa 5:19 da Kolosiyawa 3:16 ba kwaya aka rubuta wa ba, ikilisiya aka rubuta wa.

Ba yau aka fara ware mutum domin wannan ba. A 1 Tarihi 15:22 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa domin gwani ne, a sura 25 kuma an ƙidaya horarrun mawaƙa 288. A wajen Baptis na kudancin ƙasar Amurka, makarantar tauhidinsu da ke Fort Worth ta buɗe sashen waƙa tun 1915, hukumarsu ta makarantar Lahadi kuma ta kafa sashen waƙar ikilisiya a 1941. Daga nan wannan muƙami ya yi ƙarfi. A nan gida, seminarin Ogbomosho, wanda aka kafa a 1898, yana koyar da waƙar ikilisiya har zuwa digiri.

Ladi_Sofrano:
Yawan rai Baba. Wannan maganar ta "ko jama'a suna rerawa" a rubuta ta a layin farko na takardar.

Malam_Istifanus:
To in haka ne, abu na farko da zai iya shi ne sanin inda muryar jama'a take tsayawa. Taron mutane maza da mata, tsofaffi da yara, suna jin daɗi daga C ta tsakiyar kibod zuwa C ko D da ke samanta. E♭ ana iya taɓa ta a wuce. Amma waƙar da take zama a kan E ko F, da ƙarfe bakwai na safe, rabin majami'a zai yi shiru ya bar wa sofrano, masu muryar sama. Kafin Lahadi ya ɗauki kowace waƙa, ya nemo muryarta mafi tsayi da mafi ƙasa, sannan ya zaɓi ki, wato matakin muryar da za a ɗauki waƙar a kai. Misali: waƙar da ta hau har m' (mi ta sama a solfa, wato do re mi) idan doh yana kan C, ta kai E ke nan. A sauke doh zuwa B♭, sai ta tsaya a D. Taki ɗaya ne kawai, amma za ka ji majami'a ta buɗe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar mai jagorar waƙa ta zaɓi ki daidai da muryarta. Ita ta ji daɗi, jama'a sun koma 'yan kallo.

Bitrus_Kibod:
Gaskiya ne Malam, amma a faɗa wa makaɗi da wuri. Sauke waƙa zuwa B♭ ko A♭ ba wasa ba ne ga yaron da bai san komai ba sai C, F da G. Shi ya sa suke rataya a maɓallin taransifos, wanda yake canja ki ba tare da yatsu sun canja wuri ba. Maɓallin ba haram ba ne, matsalarsa biyu ce. Ta farko, a manta ba a mayar da shi sifili ba, waƙa ta gaba ta fito a wani ki dabam, mai jita da mai bas suna can inda aka rubuta musu. Ta biyu, yaron ba zai taɓa girma ba. Shugaban waƙa ya ba shi ki ɗaya sabo kowane wata: sikel (jerin muryoyin ki ɗin) da hannu biyu, sai kod (muryoyin da ake bugawa tare) na ɗaya, na huɗu, na biyar da na shida. Cikin shekara ya zagaye goma sha biyun.

Hannatu_Alto:
Ku zo mu yi maganar koyon waƙa, domin a nan ake gane shugaba. Awa ɗaya da rabi ta isa idan an tsara ta. Minti biyar addu'a da aya. Minti goma buɗe murya: numfashi daga ciki ba tare da ɗaga kafaɗa ba, hamin da baki a rufe, sannan d r m f s f m r d ana hawa rabin taki kowane zagaye. Minti goma sha biyar na waƙoƙin jama'a na Lahadi mai zuwa, kuma wannan shi ne wanda kowa yake tsallakewa. Minti talatin sabuwar waƙa, ashirin waƙar da za a yi Lahadi, sauran goma sanarwa da addu'a.

Wajen sabuwar waƙa kada a fara daga layin farko a bi har ƙarshe. A fara da wurin da ya fi wuya tun kunnuwa ba su gaji ba. A karanta kalmomin da baki a kan bugu, ba murya. Sai solfa. Sai a haɗa. Kuma kada kullum a fara da sofrano, su da ma suna da karin waƙar a kunne. A fara da bas, a ɗora teno, a ɗora alto, sofrano a ƙarshe. Lokacin da ake koya wa layi ɗaya, sauran su riƙa bin nasu da hamin a hankali, in ba haka ba hira za ta tashi, wayoyi su fito.

Waƙar da ba ta zauna ba ranar Alhamis kada a yi ta Lahadi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Markus_Teno:
Ni ban gamsu da yadda ake mayar da kwaya baya a wannan tattaunawa ba. Jama'a ba sa koyon waƙa daga iska. Daga bakin kwaya suke ɗauka. Kwayar da ba ta da daidaito ba za ta ja kowa ba. A mutum talatin ana son kamar sofrano goma, alto takwas, teno biyar, bas bakwai. Abin da muke gani shi ne sofrano goma sha takwas, teno biyu suna ihu har jijiya ta fito musu a wuya. Gyaran wannan shi kaɗai aikin shekara ne: gwada muryar kowa ɗaya bayan ɗaya, a mayar da masu muryar ƙasa zuwa alto ko da ransu bai so ba, a bi maza har gida a jawo su. Wanda ya ce wannan ƙaramin aiki ne bai taɓa riƙe kwaya ba.

Malam_Istifanus:
Ba wanda ya ce ƙarami ne, ɗan'uwa Markus. Cewa aka yi ba shi ne iyaka ba. Kuma tunda ka kawo daidaito, a ƙara da abin da ke sa kwaya ta riƙa zamewa ƙasa idan ba kibod. Wurare uku ne: rabin takin da ke tsakanin t da d', idan ana saukowa a layi mai tsawo, da idan ana maimaita murya ɗaya sau huɗu ko biyar. Sai kuma fe (f da aka ɗaga rabin taki) da ta (t da aka sauke rabin taki), waɗanda mutanenmu suke mayarwa f da t ba tare da sun sani ba. Dalilin a fili yake, waƙoƙin gida da yawa a kan muryoyi biyar suke tafiya, d r m s l, kunne bai saba da rabin taki ba. Magani shi ne a ware waɗannan wuraren, a buga su a kibod, a kashe kibod, a rera, a sake bugawa su ji da kunnensu inda suka faɗo.

MamaRifkatu:
'Ya'yana, duk wannan na kwaya ne. Shugaban waƙar da bai taɓa zama da zumuntar mata ba rabin ikilisiya kawai ya sani. Mata ba sa aiki da solfa. Mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, tulu yana riƙe da ƙasa, ƙarfe yana riƙe da lokaci, caki yana cika tsakani. Waɗannan waƙoƙin su ne suke bin mutane har gona da wurin daka, kuma yawancinsu aya ce sukutum aka ɗora wa murya. Abin da muke so daga gare shi ba ya zo ya raba mu murya huɗu ba ne. Ya duba kalmomin ko sun yi daidai da Littafi Mai Tsarki, ya rubuta su a littafi guda don kada su mutu tare da masu su, ya ɗauke su a waya, ya kuma hana mai kibod shiga tsakiyar waƙarmu yana laluben ki. Idan bai samu ba kafin baiti na farko ya ƙare, ya sauke hannunsa.

Sannan gudu. Tsofaffi suna ƙorafin ana tsere da waƙoƙin littafi, ba su gama furta layi ba an shiga wani.

Bitrus_Kibod:
Mama, na karɓa, kuma akwai akasinsa. Inda ba mai riƙe lokaci, waƙar littafi tana ja har baiti na huɗu ya zama rabin saurin na farko. Yawancin waƙoƙin bugu huɗu suna zama daidai tsakanin 80 da 100 a minti. Gwajin da ya fi kowane agogo: layi ɗaya ya shiga numfashi ɗaya na mutum mai shekara sittin. In bai shiga ba an yi ja, in kalmomi suna karo da juna an yi gudu.

Talatu_Malamar_Hausa:
Akwai abin da ba a taɓa ba, shi ne harshen kansa. Waƙoƙin littafi da yawa fassara ce, an zuba Hausa cikin muryar da aka yi domin wani harshe. Su can gaɓoɓi ake ƙirgawa, shi ne lambobin da kuke gani a saman waƙa, 8.6.8.6 ko 8.8.8.8 ko 8.7.8.7. Hausa kuwa ban da ƙirga tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da sauka. Idan doguwar murya ta faɗa a kan gajeren wasali, ma'ana tana iya juyawa. Ɗauki "duka". Ka ja gaɓar farko, ka tashi daga "kowa da kowa" ka koma dukan sanda. "Gari" na zama, in ka ja shi, ya zama garin tuwo. "Suna yabo", in ka ja "su", kunne zai fara jin sunan mutum.

Don haka duk shugaban waƙar da zai tsara sabuwa ko ya fassara, ya fara karanta layin da ƙarfi kamar yana magana, ya sa alama a gaɓoɓi masu nauyi, ya tabbata su ne suka hau dogayen muryoyi. Inda magana ta sauka, gara murya ma ta sauka ko ta tsaya, kada ta hau. Ba kowane wuri zai yiwu ba, amma a kalmomin da ke ɗauke da saƙon dole ne. Tsofaffin waƙoƙin da jama'a suka haddace kuwa a bar su yadda suke, kunne ya riga ya yafe musu.

Rabaran_Ishaya:
Malama Talatu, Allah ya ƙara basira. Abin da Bulus ya ce ke nan a 1 Korintiyawa 14:15, a rera da ruhu, a rera da hankali kuma.

Sunday_Band:
Da girmamawa ga iyayenmu, amma a takardar aikin a sa cewa matasa ma nasa ne. Sau da yawa shugaban waƙa ɗan kwaya ne tun asali, yana kallon masu jita da ganga kamar baƙi. Sai a samu ƙungiya biyu a majami'a ɗaya, kowa da nasa lokacin koyo, suna rigima kan makirfo. Ya zo koyonmu ko da sau biyu a wata. Ya ba mu minti nawa ne na yabo, ya duba jerin waƙoƙin tun Juma'a. In ya ce minti goma sha biyar, za mu tsaya a goma sha biyar, matuƙar an faɗa mana da mutunci ba a kashe mana lasifika a gaban jama'a ba.

Dauda_Miksa:
Tunda an zo kan lasifika. Ba lallai ya zama injiniya ba, amma waɗannan ya san su, domin kuɗin ikilisiya a nan yake ƙonewa. Kunnawa: janareta ya zauna tukuna, sai sitabilaiza, sai miksa da kibod, amfilifaya a ƙarshe. Kashewa: amfilifaya da farko. Wanda ya juya wannan zai ji wata ƙara "ɗum", wata rana ita ce za ta tafi da twita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririyar ƙara. Lasifika su kasance gaba da makirfo, suna kallon jama'a. Kukan nan mai tsaga kunne yana zuwa ne idan makirfo yana jin lasifikarsa, maganinsa a rage gen, wato ƙarfin shigar murya, na wannan layin ko a juya makirfon, ba a rufe kansa da tafin hannu ba, wannan ƙara shi yake yi.

Kwayar mutum talatin makirfo biyu ko uku na kondensa sun ishe ta, a ɗaga su sama da kan layin gaba, a kunna musu wutar volt 48 daga miksa. Tazarar da ke tsakanin makirfo biyu ta ninka tazararsu da bakin mawaƙa sau uku. Kada a ɗauki adaftar wani kibod a sa wa wani don bakin ya shiga: ƙananan Yamaha da yawa volt 12 suke ci, manyan 16. Da hunturu a rufe komai da ƙyalle bayan sujada, ƙura ce take sa maɓallan miksa ƙarar ƙas-ƙas.

Abu na ƙarshe, wanda ya koma kan maganar Baba Rabaran: ka je bencin tsakiya ka tsaya. In ba ka jin muryar na kusa da kai, kiɗan ya yi yawa, kuma mutumin da ba ya jin kansa daina rerawa yake yi.

Dikin_Haruna:
Duk na karanta. Yanzu ku lissafa abin da kuka ɗora wa mutum ɗaya. Litinin ko Talata ya zauna da fasto ya karɓi nassin wa'azi. Ya zaɓi waƙar buɗewa, ta kafin wa'azi, ta baiko, ta gayyata, ta rufewa. Koyon kwaya sau biyu, na matasa, na yara. Sujadar tsakiyar mako. Asabar ɗaurin aure. Rasuwa kuwa ba ta sallama, za a kira shi da dare a ce gobe akwai zaman makoki, ya tara mawaƙa. Ga Kirsimeti, ga Ista, ga godiyar kaka, ga taron gunduma. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya, yawanci kuma malamin makaranta ne ko ma'aikaci. Ikilisiyar da take son duk wannan ta sa shi a kasafin kuɗi. In ba ta iya albashi ba, ta ba da na mota, na buga takardu, na zuwa horo. Ku karanta Nehemiya 13:10. Da aka hana mawaƙa rabonsu, kowa ya koma gonarsa.

Ayuba_Bas:
Baba Dikin, ina tsoron wannan ƙofar. Da zarar an fara biyan shugaba, mai kibod zai miƙo hannu, mai ganga ma haka, daga nan sai wanda ya fi biya ya ɗauke su. A birane abin da ke faruwa ke nan, makaɗi ɗaya yana zagaya majami'u uku ranar Lahadi, bai ji wa'azi ko ɗaya ba.

Dikin_Haruna:
Shi ya sa aka ce ya zama mamba, wanda aka yi wa baftisma, wanda ikilisiya ta san gidansa. Ba haya muke magana ba, ɗana, kula da ma'aikaci muke magana.

Hannatu_Alto:
Kan waƙar gayyata da Baba Dikin ya ambata: ta zama wadda jama'a suka haddace, don idanu su bar littafi. Kibod ya shigo a hankali tun fasto yana rufe magana, ba tare da dogon share fage ba. Shugaban waƙa idonsa na kan fasto, shi zai nuna a ƙara baiti ko a tsaya. Ranar baftisma kuma gajeren amshi ake so, wanda za a ɗaga daidai lokacin da mutum ya fito daga ruwa, a tsaya kafin na gaba ya shiga, don a ji kalmomin fasto. Jibin Ubangiji ba ganga, ko kuwa a sassauta ta ƙwarai.

Rabaran_Ishaya:
Jibin Ubangiji ma ta nan waƙar jama'a ta shigo wa Baptis na Ingila. A ƙarni na 17 da yawansu ba su yarda taro ya rera waƙar da mutum ya tsara ba. Benjamin Keach, fasto a Landan, ya fara da waƙa ɗaya bayan Jibi, yana kafa hujja da Matiyu 26:30. Sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin ta zama ta kowace Lahadi a 1691, kuma duk da haka wasu suka fice suka kafa tasu ikilisiyar. Na kawo wannan ne domin Sunday da Mama Rifkatu. Sabon abu a waƙa yana son haƙuri. Sabuwar waƙar jama'a ɗaya a wata ta isa: kwaya ta yi ta a makon farko, a koya wa jama'a amshi a na biyu, a rera ta duka a na uku da na huɗu.

Malam_Istifanus:
A ƙara da lafiyarsa da magajinsa. Murya ce jarinsa, ga hunturu ga ƙura ga ihu a kan kwaya. Ya sha ruwa tun kafin ƙishi, ya daina kakarin gyaran murya, ya nuna waƙa da kibod maimakon ya rera wa layi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Shaƙewar da ta wuce mako biyu ta asibiti ce. Kuma tun shekarar farko ya ɗauki mutum biyu yana koya musu karanta solfa da kaɗa hannu. Bugu huɗu: ƙasa, hagu, dama, sama. Bugu uku: ƙasa, dama, sama. Na 6/8, mai bugu shida, in yana da sauri a kaɗa shi biyu. Mafi wuya shi ne ɗaga hannun da ke zuwa kafin muryar farko, shi ne numfashin kwaya, in ya yi rawa kowa zai shigo a nasa lokacin. A ba su waƙa ɗaya a wata su jagoranta a gaban jama'a. Takardun waƙa kuma mallakar ikilisiya ne, a ajiye su a kabad da lamba, kada a ce an yi wa mutum canjin wurin aiki ya tafi da waƙoƙin shekara goma a jakarsa.

Markus_Teno:
Har yanzu ina kan bakana. Duk abin da Malam ya lissafa yanzu, a cikin kwaya ake koyonsa. Ku gina kwaya, jama'a za su biyo.

Ladi_Sofrano:
Akwai majami'un da kwayarsu take cin gasa, jama'arsu kuwa ko baki ba sa buɗewa, ɗan'uwa Markus.

Yohanna_Saminaka:
Na gode iyaye da 'yan'uwa, na kwashe da yawa. Saura guda da ba a warware mini ba. An shirya waƙoƙi tun Talata bisa nassin da fasto ya bayar, an koya, an zaɓi ki. Lahadi da safe fasto ya ce ya canja wa'azi, ko baƙon mai wa'azi ya tashi ya ɗaga tasa waƙar daga bagadi. Me takardar za ta ce?

Hannatu_Alto:
Ta ce fasto yana da ikon canjawa, amma daga cikin jerin da aka amince da shi. Shugaban waƙa ya riƙe waƙoƙi kamar arba'in da kwaya da makaɗa suka iya ba shiri, a rarraba su bisa jigo, gicciye, tuba, godiya, bishara, ta'aziyya, kowace da lambarta da ki ɗinta a rubuce, kofi ɗaya a ofishin fasto, ɗaya a manne a jikin kibod.

Bitrus_Kibod:
Na baƙo kuwa ba takardar da za ta hana shi. Makaɗi ya rage ƙara, ya nemo muryar da layi yake sauka a kanta, yawanci ita ce doh, ya shigo a farkon amshi. In baƙon ya ɗauka da tsayi sosai, a bar shi ya gama zagayen farko, shugaban waƙa ya karɓa da makirfo a ki na ƙasa. Amma wa zai gaya wa baƙon tun a ofis cewa akwai tsari, fasto ko shugaban waƙa? Baba Rabaran, wannan taku ce.